Koriyar Motar Da Ta Ƙi Wucewa: Tsokaci Kan Fina-finan Tsere Da Dawwamar Allah

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Briqueterie cikin shekarun 1990 ya san ɗakunan kallon nan da ke cikin lunguna. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da benci biyar ko shida, da baƙin labule a ƙofa, ga talabijin an ɗaure ta da sarƙa can sama kusa da rufi. A waje akwai allo da ake rubuta sunan fim ɗin ranar da alli. Masu hali sukan gangara cikin gari su shiga silimar Abbia, wadda aka rufe a farkon 2009, mu kuwa 'ya'yan talakawa nan ne Abbiyarmu. Da sefa hamsin ka shiga, ka fito da ƙaiƙayin kuɗin cizo da labarin da za ka yi mako kana bayarwa.

Mai ɗakin da muke zuwa, yawancin kaset-kaset ɗinsa na Indiya ne da na 'yan Chana masu faɗa, daga baya na Kano suka shigo suka mamaye. Amma a ƙarƙashin teburinsa akwai wani kwali na tsofaffin fina-finan Amurka da aka juya muryoyinsu zuwa Faransanci, waɗanda yake sakawa da rana tsaka idan babu jama'a sosai. A cikin kwalin nan na fara haɗuwa da Bullitt da Vanishing Point da Duel da The French Connection. Dukkansu abu guda ya ɗaukaka su: wani yana gudu, wani yana bin sa a mota. A kansu nake so in yi tsokaci, amma sai na fara gaya wa mai karatu abin da ya mayar da ni gare su bayan na girma, domin ba sha'awar mota ce ta mayar da ni ba.

Ni Bahaushe ne kuma Kirista. Iyayena daga ƙasar Zazzau suka zo Yawunde, mahaifina bakanike ne, ya kafa rumfar gyaran mota a gefen unguwa. Briqueterie kuwa, kamar yadda kowa ya sani, unguwar Hausawa Musulmi ce. Kiran sallar babban masallacinta shi ne agogonmu, hayaƙin masu tsire shi ke gaya mana yamma ta yi. Muna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a ɗakinmu, 'ya'yan maƙwabta na karatun allo a zaure, tuwon sallah ya shigo mana, shinkafar Kirsimeti ta shiga musu. Haka muka tashi ni da ƙanena.

Ƙanen nan nawa ya zama ɗan acaba, abin da ake kira benskin a nan. Wata rana da damina, bayan an ɗauke ruwa, ya biyo ɗaya daga cikin gangarorin garin nan, babur ya zame da shi, ga mota na tafe a baya. Ko asibiti bai kai ba. Shekarunsa 23. Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gidanmu, malamai da fastoci a tabarma ɗaya, kuma kusan magana ɗaya suke faɗa mana: Allah ya riga ya sani, kwanansa ne ya ƙare. Bakina na cewa haka ne, zuciyata kuwa na tambayar abin da ban iya furtawa ba. Idan ya ga gangaren nan tun kafin a haifi yaron, ya ga ruwan, ya ga motar, to a ina yake zaune yana kallo? Kuma me ya hana shi ɗaga hannu?

Agogo biyu

Bullitt ya fito a 1968. Peter Yates ne ya ba da umarni, Steve McQueen kuma ya fito a matsayin ɗan sandan ciki a birnin San Faransisko. Labarin kansa mai sarƙaƙiya ne, na tabbata rabin waɗanda suka kalle shi ba za su iya maimaita shi ba. Abin da kowa ke tunawa shi ne minti goma da 'yan kai da koriyar Ford Mustang ta bi baƙar Dodge Charger ta wasu 'yan ina-da-kisa guda biyu. Birnin tuddai ne kamar Yawunde, shi ya sa ba mu ɗauke shi baƙon wuri ba. Mota ta hau tudu ta yi tsalle ta dira da ƙirji, ai ƙaramin wannan muna ganinsa kullum a taksin garinmu.

Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne kiɗa. Yayin da motocin biyu ke lallaɓawa suna auna juna, kiɗan Lalo Schifrin yana bin su a hankali kamar mai sanɗa. Da direban baƙar motar ya ɗaura bel ya taka totur, sai kiɗan ya ɗauke ɗif. Daga nan babu abin da kake ji sai kukan inji da ƙarar taya, ba mai cewa uffan. Darakta ya ɗauke ka ya zaunar da kai a bayan sitiyari, inda ba ka sanin abin da ke bayan kwana sai ka sha ta.

Wannan shi ne agogon direba, kuma shi ne namu duka. Agustin, bishop ɗin Hippo, ɗan Afirka ne da aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya rasu a 430. A kashi na sha ɗaya na littafinsa na furta laifofi ya yi ta kokawa da batun lokaci, har ya kai ga cewa abin da ya wuce ba ya nan sai a tunani, abin da ke tafe ba ya nan sai a tsammani, yanzu kuwa ba ta da faɗin da za ka tsaya a kai. Da ya san mota da misalinsa ya yi sauƙi. Madubi shi ne jiya, gilashin gaba shi ne gobe, abin da kake da shi na haƙiƙa kuwa bai wuce tafin kwaltar da ke ƙarƙashin taya ba.

Amma akwai agogo na biyu da ba a gani a talabijin. Minti goman nan an kwashe makonni ana ɗaukar su, gunduwa-gunduwa, a unguwannin da wasu ba sa kusa da juna. Sannan aka kai zaren fim ɗin ɗakin edita Frank Keller, wanda ya yanka ya haɗa, har aikin ya jawo masa kyautar Oscar. Ka yi tunanin teburinsa. Lokacin da aka ɗaura bel da lokacin da baƙar motar ta afka gidan mai ta kama da wuta suna kwance kusa da juna. Zai iya riƙe farkon da dama ya riƙe ƙarshen da hagu. Motocin na gudun da ya haura kilomita 170 a awa, shi kuwa yana zaune a kujera ba abin da ke korar sa.

Kusan haka Boethius ya bayyana dawwamar Allah. Babban ma'aikacin gwamnati ne a Italiya, ya yi rubutunsa a kurkuku wajen shekarar 524 yana jiran a kashe shi. A wurinsa dawwama ta wuce tsawon rai marar iyaka. Mai tsawon rai har yanzu jiyarsa ta suɓuce masa, gobensa ba ta zo ba. Madawwami kuwa komai yana hannunsa a lokaci guda, babu abin da ya wuce masa, babu abin da yake jira. Idan haka ne, kalmar nan tamu ta “riga sani” ma tana ɗan ɓatar da mu, domin tana sa mu ɗauka Allah yana tsaye a jiya yana hangen gobe. Shi gani kawai yake yi.

A ɗakin kallonmu, da zarar tseren ya ƙare sai ihu ya tashi: “A tariyo! A tariyo!” Idan mun haɗa 'yan silalla mai ɗakin ya tariyo mana. A karo na biyu kowa ya san kwanar da za a sha, ya san inda mai babur zai zame, ya san gidan man. Amma saninmu bai taɓa murɗa sitiyarin kowa ba. Gani daban, tuƙi daban. Wannan ya sauke mini rabin kayan da na ɗauka daga zaman makoki: cewa Allah ya ga faɗuwar ƙanena ba ya nufin shi ya hankaɗa babur ɗin.

Saura rabi, kuma shi ya fi nauyi. Mu 'yan kallo ba mu da iko a kan kaset, amma edita yana da almakashi.

Gumaka uku

Na sha karanta masu sharhi suna cewa a cikin fina-finan tsere babu mai zurfin ruhi kamar Vanishing Point na 1971, wanda Richard Sarafian ya ba da umarni. Ni ban yarda ba. Kowalski, wanda Barry Newman ya fito a matsayinsa, tsohon soja ne, tsohon ɗan sanda, tsohon ɗan tsere, yanzu aikinsa kai motoci daga gari zuwa gari. Ya karɓi farar Dodge Challenger a Denver daren Juma'a zai kai San Faransisko, ya haɗiyi ƙwayoyin hana barci, ya ci alwashin isa cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. 'Yan sanda suka biyo shi jiha bayan jiha. Wani makaho mai gabatar da shiri a rediyo, Super Soul, yana satar jin maganganun 'yan sanda yana yi masa jagora ta iska.

Dabarar fim ɗin ita ce ya fara da ƙarshensa. Safiyar Lahadi ce, an tare hanya da katafila biyu, jama'a sun taru, sannan aka koma baya kwana biyu. Wato an ba ɗan kallo kujerar edita tun daga farko. To me aka nuna masa daga wannan kujera? Masu addinin da Kowalski ya gamu da su a hamada 'yan wasan kwaikwayo ne, shugabansu ma an raɗa masa suna J. Hovah don a yi shaguɓe ga sunan Ubangiji. Makahon rediyo, wanda shi ne ya fi kama da mai gani daga sama, ya san komai amma bai iya tsinana komai ba, shi kansa sai da aka shigo aka lakaɗa masa duka. A ƙarshe Kowalski ya yi murmushi ya taka totur ya afka wa katafilolin, wuta ta tashi, 'yan kallo suka watse kowa ya kama gabansa.

Wannan dawwama ce da babu kowa a cikinta. An ɗauki kisan kai an sa masa rigar 'yanci. Muna yara mun tafa masa, amma da na sake kallon sa bayan rasuwar ƙanena kashe talabijin ɗin na yi. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar da ƙarfe ya taɓa ba zai ga kyan murmushin nan ba. Irin wannan ƙaddarar ba ta Kirista ba ce, kuma malaman unguwarmu ma ban taɓa jin sun koya wa kowa ya saki sitiyari da sunan tawakkali ba.

Duel shi ma na 1971 ne, Steven Spielberg ya yi shi don talabijin yana ɗan shekara 24. Wani ɗan kasuwa, David Mann, yana tafe a jar Plymouth ɗinsa ya wuce wata tsohuwar tankar mai, shi ke nan ta sa shi a gaba. Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar direbanta ba, sai hannu da ke leƙowa ta taga da takalman da ke zagaya taya. A matsayin fim, ya fi Vanishing Point kyan gini nesa ba kusa ba. Mahaifina ya so shi saboda abu ɗaya: tun da fari wani mai gidan mai ya gaya wa Mann tiyon lagiretonsa na buƙatar canji, ya yi kunnen uwar shegu, sai da ya hau tudu tanka na bayansa motar ta yi zafi. Baba yakan ce duk direban da ke raina bakanike a nuna masa wannan.

Ni kuwa abin da na gani a ciki ya fi haka tsoratarwa, domin na gane tankar. Shekara guda bayan makokin, ita ce hoton Allah a zuciyata: ƙato, marar fuska, yana bayanka, ba ya gajiya, mansa ba ya ƙarewa, kuma ba zai gaya maka laifinka ba. Na san mutane da yawa a coci da masallaci da wannan hoton suke kwana suke tashi. Gunki ne, kuma Spielberg ya yi daidai da ya tura shi rami a ƙarshe.

The French Connection, na William Friedkin, a shekarar dai ya fito, ya kuma ci kyautar Oscar biyar. Shi ya juya kyamara kan mai bi. Ɗan sanda Doyle, wato Gene Hackman, ya ƙwace motar wani bawan Allah a titi ya bi jirgin ƙasan da ke tafiya a kan gada a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, saboda wanda ya so ya harbe shi yana ciki. Idonsa na sama wajen jirgi, motarsa na ƙasa cikin mutane. Saura ƙiris ya take wata mata mai tura keken jariri. Da ya cim ma mutumin, ta baya ya harbe shi. A ƙarshen fim ɗin kuma ya harbe jami'i ɗan'uwansa bisa kuskure, bai ko tsaya ba ya ci gaba da farauta. Friedkin kansa daga baya ya amsa cewa ya jefa rayukan mutane cikin haɗari wajen ɗaukar wannan tsere.

Darasin a bayyane yake. Wanda lokaci ke kora, abu ɗaya yake iya gani, sauran duniya kuma ta zama abin da ya tare masa hanya. Wasu masu ta'aziyya, da kyakkyawar niyya, sun ce mini Allah yana da wani babban shiri da ba mu gani. Na gode musu, amma idan abin da suke nufi shi ne ƙanena kwandon bakin titi ne da aka banke a kan hanyar zuwa wani muhimmin wuri, to Doyle suke kwatanta mini. Wanda ba shi da agogon da ke matsa masa ne kaɗai zai iya kula da jirgi da mai keken jariri a lokaci guda, ba tare da ya sayar da ɗaya don ɗaya ba.

Kunkurun Baba

Sai na dawo kan Bullitt, kan wani kuskure da ke cikinsa. A gangarorin San Faransisko akwai wata koriyar Volkswagen Beetle da motocin biyu ke wucewa. Sun wuce ta, an sha kwana, sai ga ta kuma a gabansu. Sun sake wuce ta, sai ga ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an ɗauki gangara ɗaya da kyamarori da yawa, edita ya jera hotunan bi da bi don tseren ya yi tsawo. Haka ma baƙar motar ta zubar da murafan taya fiye da yawan tayoyinta.

Mahaifina ne ya fara nuna mana ita. Ranar ya shigo ɗakin kallon ne don ya ja kunnenmu zuwa rumfa, sai ƙarar injin ta tsayar da shi a bakin labule. Ya kalla har ƙarshe, hannunsa duk baƙin mai, sannan ya ce, “Kai, ai wannan kunkurun shi ya ci tseren. Suna ta neman kashe kansu, shi kuwa duk inda suka je sun tarar da shi.” Muka yi dariya, ya ja kunnen namu dai.

Na san kuskuren edita ne, ba wa'azi Keller ya shirya mana ba. Amma shekaru da yawa bayan haka maganar Baba ta dawo mini da wata ma'ana. Madawwami ba ya tsere da kowa, domin babu inda za ka je ka riga shi. Dubi labarin Yunusa. An aike shi Nineba, ya shiga jirgin ruwa ya nufi Tarshish, wato ya ba wa aiken baya. Ba a ce an tayar da jirgi na biyu a bi shi ba. Iska na can gaba tana jiran sa, kifi na can, har itacen da zai yi masa inuwa daga baya yana can. Zabura ta 139 ma a kan wannan take juyawa daga farko har ƙarshe. Hausawa na cewa an gudu ba a tsira ba, sai dai ga Yunusa rashin tsiran nan shi ya zame masa tsira.

A cikin Bullitt akwai wani ɗan wuri da ya ƙara fito mini da wannan. Da farko 'yan ina-da-kisan ne ke bin ɗan sandan. Sai ya ɓace musu, suna ta waige-waige, can direban ya ɗaga ido sai ga koriyar Mustang a madubinsa. Masu nema sun wayi gari su ake nema. Shekara guda ina farautar Allah da tambaya, ina leƙa kowane lungu in ga inda ya ɓuya a ranar, ban lura cewa tun farko ni ne a madubi ba. Da haka na samu amsar tambayata ta farko. Ba a wani ɗaki mai nisa yake zaune ba. Yana kan gangaren nan tun kafin yaron ya iso.

A bakin kabari

Amma kasancewa a wuri kana kallo bai isa ya sanyaya zuciyar kowa ba. A nan fina-finan suka gaza, sai na koma Bisharar Yohanna sura 11. An aiko wa Yesu cewa amininsa Li'azaru ba shi da lafiya. Bai taso a guje ba, sai da ya ƙara kwana biyu a inda yake. Ya iso mutumin ya kwana huɗu a kabari. 'Yan'uwan mamacin mata biyu, Marta da Maryamu, kowacce ta tarbe shi da ƙorafin da na kasa furtawa a tabarmar makoki, wato rashin zuwansa da wuri ne ya jawo. Bai tsawata musu ba. Kuma ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, domin ya riga ya gaya wa almajiransa tun kafin su taso. Duk da haka da aka nufi kabarin da shi, kuka ya yi.

Edita ba ya kuka a kan zaren fim, tunda ya san hoton da ke biye. Wannan kuwa ya san hoton da ke biye, ya kuma zubar da hawaye a kan wanda ke gabansa. A nan ne bangaskiyar Kirista ta rabu da ɗakin edita, a nan ne kuma ta rabu da ta maƙwabtana. Mu da su mun haɗu a kan cewa Allah shi ne na farko da babu abin da ya riga shi, na ƙarshe da babu abin da zai biyo bayansa. Mu muka ƙara da cewa a cikin Yesu Almasihu ya shigo cikin agogon direba, ya ji gajiya da ƙishi, ya jira gari ya waye kamar kowa, ya kuma mutu. Tafiye-tafiyensa a ƙafa ya yi su ko a kwale-kwale, ranar da ya hau dabba ma ɗan jaki ya hau. Wani malamin tauhidi ɗan Japan, Kosuke Koyama, har littafi ya rubuta a kan Allah mai tafiyar mil uku a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa. Maƙwabtana ba su yarda da wannan ba, sun gaya mini haka cikin mutunci a teburin mai shayi, ni ma ban rubuta don in ja da su ba. Ina nuna inda na jingina ne kawai.

Batun almakashi kuwa, wato me ya sa ba a yanke wannan gangaren daga rayuwar ƙanena ba, har yau yana nan inda na bar shi. Abin da ya canja shi ne wanda nake yi wa tambayar. A da tanka marar fuska nake tambaya. Yanzu ina tambayar wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin amininsa. Kuma idan gaskiya ne babu abin da ke wuce masa, to shekaru 23 ɗin nan ba su zama jiya a wurinsa ba kamar yadda suka zame mini. Ni fuskar yaron ta fara dushewa a tunanina, a hannunsa kuwa ko gashi ɗaya bai ɓace ba.

Hukuncina a kan fina-finan huɗu shi ne Bullitt ya fi su, kuma ya fi su ne saboda bai yi niyyar koyar da komai ba. Vanishing Point ya so ya zama littafin hikima ya ƙare da yaudara. Duel da The French Connection gwanaye ne, amma abin da suka iya nunawa shi ne abin da Allah ba shi ba ne. Bullitt kuwa ya rufe da ɗan sandan ya dawo gida bayan ya kashe mutum a filin jirgin sama, ya shiga banɗaki ya wanke hannu, ya ɗaga kai ya kalli kansa a madubi, ba tare da ya ce komai ba. Mutumin da ya firgita wasu a madubinsu ya gamu da nasa.

McQueen kansa ya yi rayuwar gudu, da mota da babur da duk abin da ke tafiya da su. A ƙarshen rayuwarsa ya karɓi bangaskiyar Kirista, sai ga ciwon daji. Mai wa'azin nan Billy Graham ya ziyarce shi 'yan kwanaki kafin rasuwarsa ya bar masa Littafinsa Mai Tsarki. Ya rasu ranar 7 ga Nuwamba 1980 a garin Juarez na ƙasar Meziko bayan tiyata, yana da shekara 50. Koriyar Mustang ɗin kuwa tana nan, an yi gwanjonta a 2020 a kan sama da dala miliyan uku. Ƙarfe ya fi mai tuƙa shi daɗewa, kuma shi ma tsatsa na jiran sa.

Ɗakin kallonmu yanzu shagon tela ne, kwalin nan ban san hannun da ya faɗa ba. Baba ya tsufa ya bar wa yara rumfa. Wani lokaci da yamma idan na taso daga wajen babban zauren wasanni zan haura Briqueterie, nakan tsayar da ɗan acaba, domin ba yadda za ka yi a garin nan ba tare da su ba. Yawancinsu ba su kai shekara 25 ba. Idan muka doshi gangara nakan dafa kafaɗarsa in ce, “Ƙanena, bi a hankali, ba mai korar mu.” Wasu su yi dariya su ce, “Yaya, ai lokaci kuɗi ne.” Wasu kuma su sassauta. Allah ya kai su gida lafiya, su da waɗanda suka ɗauko.